Tsakanin Ruwan Ɗumi da Aska: Tarihin Kumburin Loɓa

A maƙabartar Saƙƙara, kudu da birnin Alƙahira, akwai kabarin wani wazirin Fir'auna mai suna Ankhmahor, wanda ya rayu a zamanin daula ta shida, kimanin shekara 4,300 da suka wuce. A jikin bangon kabarin an sassaƙa hoton wani mutum a tsaye, wani ya riƙe masa hannuwa ta baya, na uku kuma ya tsuguna a gabansa yana yi wa al'aurarsa aiki. Yawancin masana tarihin Masar sun ɗauki wannan a matsayin ɗaya daga cikin tsofaffin hotunan kaciya da suka rage a duniya. Wasu sun ce aski ne na tsarkake masu hidimar ɗakin bauta. Akwai kuma wanda ya karanta shi a matsayin aikin gaggawa da ake yi wa mutumin da loɓarsa ta kumbura ta shaƙe kan gabansa.

Wannan saɓani a kan hoto guda ya yi kama da saɓanin da likitoci suka yi ta fama da shi ƙarni bayan ƙarni. Loɓa, wato fatar da ke rufe kan azzakari kafin a yi kaciya, idan ta kumbura ba ta faɗin dalilinta. Abubuwa da dama ne ke kumbura ta: wasu ruwan ɗumi ya ishe su, wasu sai da magani, ɗaya daga ciki kuwa idan aka yi jinkirin sa'o'i yana iya kashe nama. An daɗe ƙwarai kafin a iya rarrabe su, kuma a tsawon wannan lokaci an yanka yara da yawa da ba abin da ke damunsu.

Takunkumin Girkawa da sirinjin Selsus

Girkawa da Rumawa ba sa kaciya, har ma suna ganin ta a matsayin nakasa. Herodotus, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ba da labarin cewa Misirawa suna yin ta ne don tsabta, ya kuma kawo hakan cikin abubuwan da suka bambanta su da sauran al'ummu. Saboda haka likitocin Girka da Rum kullum suna ganin cututtukan loɓa, kuma su ne suka raɗa musu sunayen da ake amfani da su a asibiti har yau. Kalmar fimosis daga sunan takunkumi ta fito a harshen Girkanci, irin wanda ake sa wa dabba a baki. Suna nufin bakin loɓa ya tsuke har ba ta iya janyuwa baya.

Bayani mafi cika da ya iso mana daga wancan zamani na Selsus ne, marubucin Rum na ƙarni na 1 Miladiyya, cikin littafinsa na likitanci. Ya lura cewa idan gaba ya kumbura, loɓa kan shiga ɗaya daga cikin hali biyu: ko dai ta ƙi janyuwa baya, ko kuma an ja ta baya ta ƙi dawowa. Abin da ya fara ba da shawara shi ne a gasa wurin da ruwan ɗumi sosai. In kan azzakarin a rufe yake, a ɗura ruwan ɗumi tsakaninsa da fatar da sirinjin wankin kunne. In kumburin ya ƙi sauka, a ɗora garin adas ko ganyen zaitun da aka dafa da ruwan inabi, a haɗa da ɗan zuma. Wuƙa tana zuwa ne daga baya, ga wanda fatarsa ta tsuke ta ƙi sakin jiki, kuma ko a nan tsaga fatar ake yi don ta buɗe.

Bayan Selsus, likitan fiɗa Antilus ya yi bayani a kan hali na biyu, wanda yanzu ake kira farafimosis. Rubutunsa ya tsira ne ta hannun Oribasiyus a ƙarni na 4, sa'an nan Bulus na tsibirin Ijina ya tattara wannan ilimi a ƙarni na 7. Yadda abin ke faruwa mai sauƙin fahimta ne ga duk wanda zobe ya taɓa maƙale wa a yatsa. Tsukakken bakin loɓa yakan koma bayan kan azzakari ya ɗaure shi. Jijiyoyin da ke mayar da jini da ruwan jiki sirara ne, su ne ke fara toshewa, alhali masu kawo jini suna ci gaba da turo shi. Wurin sai ya ƙara kumbura, kumburin ya ƙara tsuke zoben, zoben ya ƙara kumburin. Idan aka bar shi haka, daga ƙarshe jinin da ke shigowa ma yakan tsaya, naman ya yi baƙi ya mutu.

Almakashin Az-Zahrawi

Littafin Bulus ya shiga Larabci a Bagadaza, daga can kuma iliminsa ya isa Andalus, inda Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya rubuta At-Tasrif mai maƙala talatin. Maƙala ta ƙarshe a kan fiɗa take, har da zanen kayan aiki. A cikinta ya yi babi a kan ƙuraje da ruɓewa da mannewar loɓa da hashafa, wato kan azzakari, ya kuma yi wani babi dabam a kan kaciyar yara. Ya faɗa cewa magabata na Girka ba su rubuta komai a kan kaciya ba domin ba ta cikin addininsu, saboda haka abin da zai kawo daga gogewarsa ne. Ya duba yadda masu yin kaciya na zamaninsa ke aiki, ya nuna inda hanyoyinsu ke kuskurewa, ya zaɓi a ɗaure fatar da zare a yanke da almakashi.

A ƙarni na 12 Gerard na Kremona ya fassara wannan maƙala zuwa Latin a birnin Toledo, ta zama littafin karatu ga likitocin fiɗa na Turai shekaru ɗaruruwa. Abin lura a tsarin Az-Zahrawi shi ne ya raba abu biyu da Turawan ƙarni na 19 suka zo suka cakuɗa: kaciya ta addini da ake yi wa yaro mai lafiya, da aikin da ake yi wa fata mai ciwo.

Zamanin tunjere

Daga ƙarshen ƙarni na 15, lokacin da tunjere ya bazu a Turai, kumburin loɓa ga baligi ya zama abin kunya, domin sau da yawa a ƙarƙashinsa akwai gyambon cutar da aka ɗauka wajen saduwa. Gyambon yakan kumbura fatar, fatar ta rufe gyambon, likita ya rasa yadda zai gan shi balle ya wanke shi. John Hunter na Landan ya yi magana a kan fimosis da farafimosis cikin littafinsa na 1786 a kan cututtukan saduwa, sai dai ya ɗauka tunjere da ciwon sanyi cuta ɗaya ce. Sai a 1838 Philippe Ricord ya tabbatar a Paris cewa cututtuka biyu ne dabam.

A wannan zamani ne kuma aka yi ta raɗe-raɗin da ya fi kowane shahara a tarihin fimosis. Sarki Louis na 16 na Faransa ya auri Marie Antoinette a 1770, amma aka shekara bakwai auren bai kammalu ba. Jakadun ƙasashe suka riƙa aika wa gida cewa tsukewar loɓa ce ke damunsa. Yayan sarauniya, Sarki Joseph na 2 na Ostiriya, ya ziyarce su a 1777, aka haifi 'yarsu ta fari a Disambar 1778. An daɗe ana cewa aiki aka yi masa, amma babu takardar da ta tabbatar da haka, kuma littafin da yake rubuta fitarsa farauta bai nuna hutun jinya ba. Masana tarihi da yawa yanzu sun fi karkata ga cewa rashin sani da kunya ne suka dame shi.

Lokacin da aska ta zama maganin komai

A ƙarni na 19 lamarin ya sauya kama. Claude-François Lallemand, farfesa a Montpellier, ya wallafa littafi mai juzu'i uku tsakanin 1836 da 1842, inda ya ɗora alhakin cututtuka barkatai a kan zubar maniyyi, ya kuma ga laifin doguwar loɓa a ciki. A 1855 Jonathan Hutchinson ya kwatanta majinyata Yahudawa da waɗanda ba Yahudawa ba a wani asibiti a Landan, ya ce kaciya tana kare mutum daga tunjere. Tsoron da mutanen zamanin ke yi wa istimna'i ya ƙara wa wutar fetur.

Babban juyi ya zo a watan Fabrairun 1870 a New York. An kira likitan ƙashi Lewis Sayre ya duba wani yaro ɗan shekara biyar da gwiwoyinsa suka ƙage, ba ya iya tafiya. Cikin dubawar sai ya tarar loɓar yaron ta tsuke, wurin ya yi ja yana ciwo. Ya yi masa kaciya, cikin 'yan makonni yaro ya miƙe yana tafiya. Daga wannan sai Sayre ya gina ra'ayin cewa ciwon loɓa yana bin jijiyoyi ya haifar da shanyewar gaɓoɓi, farfaɗiya, har da taɓin hankali. Mutum ne mai faɗa a ji, wanda daga baya ya shugabanci ƙungiyar likitocin Amurka, saboda haka maganarsa ta karɓu.

Illar da wannan ya haifar ita ce, aka shiga kiran kowace loɓa da ba ta janyuwa fimosis, har ta jariri sabon haihuwa. Littattafan reno a Ingila da Amurka suka riƙa umartar iyaye mata da masu jinya su ja fatar jariri baya da ƙarfi su wanke kowace rana. Jan da ƙarfi yana tsaga fatar, tsagar ta warke da tabo, tabon ya tsuke bakin, a wayi gari an ƙirƙiri ainihin ciwon da ake gudu. Wani lokaci kuma a ja a kasa mayarwa, yaro ya kwana da farafimosis. Garin neman gira aka rasa ido.

Likitoci biyu da suka tsaya suka ƙirga

Abin mamaki shi ne, duk wannan zamani ba wanda ya tsaya ya duba yadda loɓar yaro mai lafiya take girma. Douglas Gairdner, likitan yara a Birtaniya, shi ya yi haka, ya wallafa sakamakonsa a mujallar likitocin Birtaniya a Disambar 1949. Ya gano cewa jarirai kashi 4 cikin 100 ne kawai loɓarsu ke janyuwa baya gaba ɗaya ranar haihuwa. A sauran, fatar a manne take da hashafa, kuma haka halittarta take, kamar yadda farce ke manne da yatsa. Da kanta take rabuwa sannu a hankali. Bisa ƙidayarsa, a shekara ɗaya kimanin rabin yara ta saki, a shekara uku kuwa kusan kashi 90 cikin 100. Ya kuma nuna cewa a shekarun 1940 yara wajen 16 ne ke mutuwa duk shekara a Ingila da Wales sanadin aikin, galibi daga maganin sa barci, wasu daga zubar jini ko shigar ƙwayoyin cuta. Hukumar lafiya ta ƙasa da aka kafa a 1948 ba ta ga dalilin ɗaukar nauyin aikin da ba larura ba, kaciyar jarirai ta asibiti ta ragu ƙwarai a Birtaniya.

A 1968 Jakob Øster, likitan makarantu a garin Randers na Danmak, ya ƙarasa aikin. Ya yi dubawa 9,545 a kan 'yan makaranta, yana bin su shekara bayan shekara. A tsakanin 'yan shekara 6 zuwa 7, kashi 8 cikin 100 loɓarsu a tsuke take. A tsakanin 'yan 16 zuwa 17 saura kashi 1, ba tare da an yi musu komai ba. Ya kuma ga cewa ragowar mannewa yana daɗewa fiye da yadda Gairdner ya zata, har zuwa gab da balaga ga yara da yawa.

To, mene ne fimosis na gaskiya? Tun 1928 likitan fata Alfred Stühmer a Jamus ya siffanta wata cuta da ke mayar da bakin loɓa fari, busasshe, mai tauri kamar tabo. A 1980 likitan fiɗar yara Anthony Rickwood da abokan aikinsa suka nuna cewa wannan cuta ce ke bayan yawancin tsukewar da ke buƙatar aiki ga yara, kuma da wuya a gan ta kafin shekara biyar. Wani bincikensa na baya a Liverpool ya ƙiyasta cewa yara ƙasa da 1 cikin 100 ne ke kamuwa da ita kafin su cika shekara 15. A farkon shekarun 1990 likitoci a Ostareliya da Suwidin suka ba da rahoton cewa man shafawa mai sinadarin sitiroyid, idan aka shafa a bakin loɓa na tsawon mako huɗu zuwa takwas, yana sassauta ta ga mafi yawan yara. Wannan ya rage yawan waɗanda ake kaiwa ɗakin tiyata.

Sukari, sabulu da robar fitsari

A ɓangaren manya ma an warware ƙulli da dama. Tun daga 1943, lokacin da John Mahoney ya warkar da tunjere da fenisilin a Amurka, gyambon da ke kumbura loɓa ya sami magani. A 1950 Elizabeth Hazen da Rachel Brown suka sanar da gano nistatin, maganin ƙwayar kandida, daga baya kuma aka sami kulotirimazol. Kandida ita ce kan gaba cikin ƙwayoyin da ke haddasa balanitis, wato jan hashafa da loɓa tare da ƙaiƙayi, raɗaɗi da fitar farin abu. Tana son danshi da ɗumi da zaƙi, shi ya sa take addabar masu ciwon sukari, waɗanda fitsarinsu ke ɗauke da sukarin. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kumburin loɓa mai yawan dawowa shi ne alamar farko da ke tona ciwon sukarin da mai shi bai san da shi ba. Wasu sababbin magungunan sukari, irin su dafagilifulozin, da ke aiki ta hanyar zubar da sukari cikin fitsari, suna ƙara wannan haɗari. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa, ko da yake da wuya, suna iya kaiwa ga ruɓewar nama mai saurin yaɗuwa da Jean Alfred Fournier ya siffanta a 1883.

Tsabta ma tana da iyaka. Farin maiƙon da ke taruwa a ƙarƙashin loɓa, idan aka bar shi, yakan zama gidan ƙwayoyin cuta. Amma wani bincike na 1993 a Ingila a kan mazan da balanitis ke yawan dawo musu ya nuna cewa mafi yawansu ba ƙwayar cuta ke damunsu ba, yawan wanki da sabulu ne ke ƙona musu fata. Da suka daina, galibinsu suka sami sauƙi. Farafimosis kuwa, a yau sau da yawa a asibiti ake jawo shi: a ja loɓar dattijo baya don a sa masa robar fitsari, a manta ba a mayar ba. Akwai kuma kumburin da tushensa yana nesa, kamar na ciwon zuciya ko ƙoda, inda ruwa ke taruwa a ƙafafu da al'aura baki ɗaya.

Kaciya kanta ta dawo fagen bincike ta wata ƙofa. Gwaje-gwaje uku da aka yi a Orange Farm ta Afirka ta Kudu, Kisumu ta Kenya da Rakai ta Uganda, waɗanda aka wallafa a 2005 da 2007, sun nuna tana rage haɗarin kamuwar namiji da cutar ƙanjamau daga mace da kimanin kashi 60 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2007 a matsayin ɗaya daga cikin hanyoyin rigakafi a ƙasashen da cutar ta yi yawa. Wannan karon hujjar daga ƙidaya ta fito, saɓanin ta Sayre da aka gina a kan yaro guda.

Abin da ya rage a hannu

A ƙasar Hausa kusan kowane baligi yana da kaciya, saboda haka ana iya zaton batun bai shafi kowa ba. Amma a al'ada ba a yi wa yaro shayi sai ya kai wajen shekara bakwai, a lokacin hunturu, a hannun wanzami, kuma malaman Malikiyya sun fi son a yi ta a shekarun da ake fara umartar yaro da salla. Ko da yake gidaje da yawa yanzu suna yi tun yaro yana jariri, har yanzu akwai dubban yara da ke shafe shekarunsu na farko da loɓa, a hannun iyaye da kakanni da ke musu wanka. Ma'aikatan jinya kuma suna karɓar majinyata daga kowace al'umma.

Abin da tarihin nan ya tace bai da yawa. Loɓar yaro ƙarami ba a jan ta da ƙarfi, waje kawai ake wankewa, kuma ɗan kumburar da take yi kamar balan-balan lokacin fitsari yawanci ba ciwo ba ne muddin fitsarin yana fita ba wahala. Idan ta yi ja ta kumbura, ana zaunar da yaro cikin ruwan ɗumi, a bar sabulu mai ƙamshi da magungunan kashe ƙwayoyin cuta masu zafi, kada kuma a barbaɗa toka ko wani gari. In akwai mugunya, zazzaɓi, ko fitsari ya gagara, sai asibiti. Baligin da abin ke dawo masa ya kamata a auna sukarinsa a kuma bincika cututtukan saduwa. Gyambo ko jan tabo da ya ƙi warkewa bayan makonni ana yankar ɗan ƙanƙani a auna, domin tun 1911 Louis Queyrat ya siffanta irin jan tabon da ke zama mafarin sankara a wurin. Duk wanda ya ja loɓa baya, don wanka ko don sa roba, ya mayar da ita kafin ya tashi.

Idan kuwa ta maƙale a baya ta kumbura, ba a jiran gari ya waye. Likita zai ba da maganin kashe zafi, ya matse kumburin a hankali na 'yan mintoci, wani lokaci da taimakon ƙanƙara a cikin ƙyalle, sa'an nan ya tura hashafa ciki da manyan yatsu yana jawo fatar gaba. In hakan ya faskara, ya tsaga zoben ta sama, a yi kaciya daga baya idan kumburi ya sauka. Yawancin waɗanda suka yi asarar nama ta wannan hanya, jinkiri ne ya ja musu, kuma abin da ke kawo jinkirin galibi kunya ce: yaro ya ɓoye wa uwarsa, dattijo ya ɓoye wa 'ya'yansa. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.